Ciyawar da Na Raina

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga mai sunan Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da maiɗakinka da 'yan jikokina. Allah ya sa tashin nan da za ka yi zuwa Kusada tashin alheri ne, ya kai ku lafiya, ya sauke ku lafiya, ya haɗa ku da maƙwabta nagari, ya tsare ku daga sharrin hanya da na ɓarayin daji.

Za ka yi mamakin takarda daga mutumin da katanga ɗaya ce tsakaninka da shi. To, kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zama da kai a tabarma ɗaya mun yi doguwar magana ba. Haka muka taras ana yi. Abin da baki ya kasa, na ce bari takarda ta ɗauka. Ni ban san baƙi ba ban san fari ba a boko, kai ma ka sani. Malam Haruna tsohon malamin firamare ne ke rubutawa, ni ina faɗa. Na gargaɗe shi kada ya gyara mani magana. In ka ga ta karkace, tawa ce.

Ka tuna abin da ya faru a zaure mako biyu da suka wuce. Ka zo ka durƙusa a gaban mutane, ka ce kawunka ya ba ka filin nan na bayan Kusada mai gangarawa fadama, za ka shinge shi ka shuka ciyawa irin wadda malaman gona ke rabawa. Ka roƙi in ba ka shanun gidan nan sha ɗaya ka tafi da su, tun da nan Kafinsoli ba sauran wurin kiwo. Ni kuwa na ce maka tun kakanninmu ciyawa nome ta ake yi, ba shuka ta ba. Na ƙara da cewa wanda ya kashe huɗu yana yaro ba a ba shi sha ɗaya don ya yi gemu. Ka sunkuyar da kai, ka ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba," ka tashi. Tun ranar kake haɗa kayanka, ba ka sake tayar da maganar ba.

Zan zo kan maganar huɗun nan, don ita ta sa ni neman mai alƙalami. Amma bari in fara daga nesa, ka san tsoho ba ya shiga gida sai ta zaure.

Da kakanka ya rasu, shanu arba'in da 'yan kai ya bar mani. Yau sha ɗaya. Ba ɓarawo ya kora su ba, ba annoba ta share su ba. Wasu an sayar don lalura, wannan gaskiya ne. Amma yawancinsu yunwa ta ci, kuma ta ci su ne cikinsu a cike. Ga yadda aka yi.

Ka san saurar nan ta gabas da gari, inda yanzu ba komai sai ƙarangiya. A da gamba ce zalla. Kakanka ba ya barin ta ta wuce ƙugun mutum. In ta kai gwiwa ya saki shanu su yi kwana kaɗan, ya janye su. Abin da zai ajiye don rani kuma tun kafin ta fid da kai yake yanka, ya shanya a inuwa, ya ɗaure. Ni a lokacin gani nake ɓarna yake yi. Me zai sa ka yanke abu tun bai girma ba? Da ragama ta dawo hannuna sai na bar ta ta yi tsawo har ta shanye mai raƙumi. Mutanen Tafashiya suna zuwa neman ta zana, suna cewa ba gamba irin ta Idi. Kaina ya kumbura. Karan da ya rage na tara wa shanu, tuli guda kamar rumbu, na ce bana rani ya ji kunya.

Shanu suka wuni suna tauna. Ciki ya yi tim kamar ganga, amma haƙarƙari ana ƙirgawa daga nesa. Nono ya janye, maruƙa suka tsaya wuri ɗaya. Wata rana Buba, Bafillacen da muka tashi tare, ya biyo ta garkena. Ya daɗe yana kallo, ya ɗauki kara ɗaya ya karya a gwiwa, ya ce, "Kaɗo, wannan ai a murhu ake sa shi. Ko tuwo kake so su dafa maka?" Na ce mashi ya wuce ya ba ni wuri, Bafillace ba ya koya wa mai gona abin da ke gonarsa. Ya yi dariya ya ce, "Gonar taka ce, amma cikin na saniya ne." A ranin nan karsana biyu suka kwanta ba su tashi ba.

Saboda haka ka riƙe wannan. Ciyawa tana da ƙuruciya tana da tsufa. Kowace iri ce, ta gida ko ta malaman gona, ƙarfinta yana cikin ganye ne kafin ta fid da kai. Da ta yi fure, abin da ke jikinta ya tafi ga iri, ta bar maka itace. Kada tsawo ya ruɗe ka. Ka murɗa ta a hannu, in ta lanƙwashe tana danshi, abinci ce. In ta karye da ƙara, ta zana ce. Kuma kada ka duba cikin saniya in kana son sanin ko ta ƙoshi. Ka duba tozo, ka duba ƙugu, ka duba ko gashi yana sheƙi. Da safe ka duba kashi. In ya fito a dunƙule da tauri, tana cin busasshen kara. In ya zube kamar kunu, ciyawar ta cika ɗanyaka, ka haɗa mata da busasshiya. Mai kyau shi ne wanda ya zauna ya yi faɗi, tsakiyarsa ta ɗan lotsa. Malam Haruna ya ɗaga alƙalami ya ce wai ba a sa kashin shanu a wasiƙa. Na ce ya rubuta, shi ne littafin da na iya karantawa.

Kuskurena na biyu wuta ne. Amma bari in faɗa maka abin da ke ƙasar nan a da, don 'ya'yanka ba za su gani ba, kuma in na tafi ban san wanda zai riƙe sunayen ba. Ina yaro, daga bayan garinmu har Rimaye saniya ba ta taku goma ba ta canza abinci ba. Ruwan farko in ya sauka harkiya ke fara fitowa, mai laushi, ita ke sauko da nono bayan wahalar bazara. Guɗe-guɗe a hanyoyi da kufai, gajera amma shanu ba su wuce ta. Sabe a kwari inda ruwa ke kwanciya. Burgu a bakin tafki, mai zaƙi, har mu yara muna tsotsa, shanu su shiga ruwa har ƙirji don ita. Gadagi yana yaɗo a ƙarƙashin sauran, shi ne masu dawaki ke biyo mu suna roƙo, kuma duk saniyar da ta same shi sai ka ga gashinta ya kwanta. Kyasuwa tana da daɗi tana ƙarama, da ta yi jan kai ta zama hoto. Ƙarangiya ma kada ka raina ta kafin ta yi ƙaya. Tofa ce dai ban san amfaninta ga saniya ba, sai ɗan tohonta. Gamba kuma ita ce uwa, don ita kaɗai ba ta mutuwa da rani. Saiwarta na nan a ƙasa tana jira, ta riga kowa fitowa, ta bi bayan kowa bushewa.

To ni na lura in aka ƙona gamba bayan kaka sai ta yi sabon toho kore shar, alhali ko'ina ya bushe. Na ce na gano abin da kakanka bai gano ba. Kowace shekara in cinna wuta, toho na leƙowa in saki shanu. Su kuwa su bi shi har ƙasa, ya sake leƙowa su sake bi. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta kawo mani fura a saurar wata rana, ta tsaya tana kallon gindin gambar da suka yi baƙi. Ta ce, "Malam, ko mai jego ana ba ta arba'in." Na ce ta kula da tukunyarta. A shekara ta huɗu gindin suka fara ruɓewa, in ka taka sai su tuge. Kyasuwa ta shigo, bayanta ƙarangiya. Saurar da ta ciyar da garken kakanka tun ban san kaina ba, ni na kashe ta da ashana.

Don haka in ka shinge filinka, kada ka sake shanu su ci ko'ina a lokaci ɗaya. Ka raba shi gida huɗu ko biyar. Su ci nan, ka janye su tun ciyawar na da taƙi guda a ƙasa, kada ka dawo sai ta kai gwiwa. Wurin da za ka yanka don rani ka ware shi daban, ƙafar saniya kada ta taɓa shi. Kowace shekara ka bar kusurwa ɗaya ta yi iri ta zubar. Wuta kuwa, ka share ciyawar gefen shinge don tare ta maƙwabta, amma taka ashanar ka bar ta a aljihu.

Na uku ya fi waɗannan nauyi, don ya taɓa zumunci. Ka tuna baffanka Ɗanjuma, ƙanena da muke ciki ɗaya. Wata shekara kana ƙarami wani malamin gona ya zo garin nan a kan babur da 'yan buhunan iri. Ya tara mu a gindin tsamiya ya ce wannan na dabbobi ne. Akwai wani mai kama da wake, da farin layi a gefensa, ya ce a shuka shi tsakanin dawa in ta yi ƙarfi, zai yi yaɗo, kuma yana nan kore bayan an yi girbi. Na tambaye shi, "Malam, shin ku a makarantar har ciyawa ake koya maku? Ku zo gonata da fartanya in ba ku kyauta." Mutane suka yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina. Rabona na kawo gida na watsa wa kaji. Ɗanjuma ya ƙulle nasa a gefen riga.

A shekarar aka haifa mana maruƙa maza biyu a mako ɗaya, nawa da nasa, bijimi ɗaya ya haife su, uwayen ma 'yan uwan juna ne. Allah ya shirya mani darasi a fili kamar allo. Rani na farko nasa ya ɗan fi nawa, na ce jini ne. Rani na biyu nasa ya yi ƙirji, tozo ya miƙe, har an fara gwada mashi karkiya, nawa kuwa in ka gan shi sai ka ce bara aka yaye shi. Na ce wa mutane Ɗanjuma ƙuli-ƙuli yake ba shi a ɓoye don ya kunyata ni. Magana ta kai kunnensa. Ya zo ya same ni ya ce, "Yaya, ba ƙuli ba dusa. Harawar irin nan ce da karmami. Zo ka gani da idonka, taku ɗari ne." Na ce ƙafata na ciwo. Ya aiko mani da dami guda, na ce a ba jaki. Shekara bakwai ina zagaye gonarsa ta hanyar masallaci don kada idona ya faɗa kanta.

Ranar da na gan ta ita ce ranar da muka ɗauki gawarsa, don hanyar maƙabarta ta nan ta bi. Tsakiyar rani ne, ko'ina fari fat, gonarsa kuwa ga yaɗo nan kore ya nannaɗe karan dawa. Ina riƙe da makara ina kallo. Ba wanda zan ce wa na gani.

Abin da na fahimta daga baya, kuma harawar wake da ta gyaɗa sun daɗe suna faɗa mani ban ji ba, shi ne ciyawa zalla tana riƙe rai ne, ba ta gina jiki. Tuwo ce ba miya. Dangin wake su ne miyar: harawa, gadagi, kowar wake, 'ya'yan gawo, da irin na Ɗanjuma. Saniya mai ciki, da mai shayarwa, da maraƙin da aka yaye, su ne ba sa haƙuri da gaya. Ka fara ba su kafin manya. Kada ka sare gawo ko ɗaya a filin nan, ko da ya tsaya maka a tsakiyar kunya. Kanwa da gishiri kada su yanke. Sannan in maƙwabcinka ya ce zo ka gani, ka tafi a ranar, ko ƙaninka ne, ko wanda ka raina ne. Gani ba ya rage girma.

Kada ka ɗauka na sauka daga kan bakana gaba ɗaya. Har gobe ban yarda akwai ciyawar da ta fi gamba sanin ƙasar nan ba. Wadda ka nuna mani hotonta a waya, mai tsawo kamar rake, na ji an ce ba ta wasa da ruwa da taki. Baƙuwa ce, kuma baƙo sai ya kwana biyu ake sanin halinsa. Ka sa ta a gangaren fadama inda danshi ke daɗewa. Tudu ka ba gamba, har yanzu akwai gindinta a gefen maƙabarta da bakin rafi, ka tsaga ka dasa da ruwan farko. Kada ka cika fili da iri ɗaya ko da an ce daga Makka aka kawo shi. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, wadda ta saba da mu ita za ta tsaya maka.

Kuma kada ka yarda da bakin kowa, har nawa. Ka ware shanu biyu masu kai ɗaya. Ka zagaya igiya a ƙirjin kowace, bayan ƙafafun gaba, ka yi ƙulli inda ta haɗu. Ɗaya ta ci baƙuwa, ɗaya ta ci gamba, miyarsu ɗaya. Bayan kwana arba'in ka sake zagayawa. Igiya ba ta jin kunyar kowa. In baƙuwar ta yi nasara ka aiko a faɗa mani, zan haɗiye.

To, yanzu maganar huɗun nan.

Kana da shekara sha huɗu. A kakar nan na yi kasala, na jibge harawa a ƙasa maimakon in ɗora ta a kan itace ko rufin ɗaki kamar yadda kowa ke yi. Aka yi wani ruwa na bayan girbi wanda ba a zata ba, ta jiƙe ta yi baƙi ta ruɓe. Ruwan nan kuma shi ya sa gindin dawa da aka girbe suka yi gyauro a gonar arewa. Ya fito ɗan taƙi guda, sai rana ta buɗe ta buge shi ya yi yaushi. Saurar gabas ta mutu, harawa ta ruɓe, shanu suna kuka a garke. Ni kuwa ina hangen kore a gonar arewa.

Na san gyauro. Kakanka ya ja kunnena a kansa tun ban kai ka ba: gyauron dawa in yana gajere, kuma ya sha rana, dafi ne. Na sani kamar yadda na san sunana. Amma na ce a raina ɗan kaɗan ba zai yi komai ba, su lasa su fito. Na kira ka da safe na ce ka kora su gonar arewa. Ka tsaya kana murza sanda, ka ce, "Baba, Buba ya ce kada a kusance shi." Na ce, "Buba ne ubanka ko ni?" Ka kora su.

Hantsi bai gama ɗagawa ba ka shigo gida a guje, ba hula ba takalmi. Da muka isa huɗu suna ƙasa suna shure-shure, kumfa a baki. Biyu muka samu muka yanka, biyu suka riga wuƙa, cikinsu har da Kyalla mai tsohon ciki, wadda kai ka rene ta tun tana maraƙa. Mutane suka taru. Wani daga baya ya ce, "Yaro ne ya tsaya wasa suka faɗa gyauro." Wani ya ce, "Yaran yanzu." Ka ɗago ka dube ni. Ni na dubi wuƙar da ke hannuna ina goge ta da ganye.

Kalma huɗu ce: ni na sa shi. Ban faɗa ba. Na ji kunyar a ce Idi ɗan mai garke arba'in bai san gyauro ba, ko ya sani ya yi. Na bar maka kayan ka ɗauka. Shekara da shekaru sa'o'inka suna tsokanar ka da mai gyauro, ba wanda ke ba ka riƙon ko akuya. Ba ka taɓa buɗe baki ka ce umarni aka ba ka ba. Mahaifiyarka ta sani, don tana bakin murhu lokacin da na yi maka tsawa. Sau ɗaya ta ce mani, "Malam, yaron nan fa yana girma da abin nan." Na ce zan gyara. Ta rasu ban gyara ba. Da daɗewa har na fara jin kamar yadda mutane suka faɗa haka aka yi. Ka ga ƙarshenta, ni da bakina na jefe ka da ita a zaure, ina kallon furfurar da ta fara fito maka.

Nasihar da ke nan biyu ce. Ta farko gajera: harawa a sama take kwana, kuma saniya ba ta shiga gyauro sai ya wuce ƙugu ko an yanke shi ya bushe sarai. Yunwar garke ita ke sa mai hankali wauta, don haka ka tanadi rani tun marka. Ta biyu: in ka yi kuskure, ka faɗa a ranar, tun jinin bai bushe a wuƙa ba. Kwana ɗaya in ya wuce sai ta yi nauyi, shekara in ta wuce sai ta zama gini. Balle a ce mai ɗauke maka ita ɗanka ne. Kana da 'ya'ya maza biyu. Za ka ba su umarni wata rana ya ɓaci. Ka tuna da ni a ranar, ka yi abin da ban yi ba.

Jiya bayan la'asar na sa aka tsayar da mutanen da ke zaure ranar nan, har da liman da kawunka da ya zo ɗaukar kaya. Na faɗa masu duk abin da ke cikin takardar nan game da gonar arewa, ban rage ba. Buba yana nan, ya tsufa har ba ya gani sosai, ya dogara da sanda ya ce, "Kaɗo, ai na sani. Yaron da ya zo ya tambaye ni da bakinsa ba zai kai su don kansa ba. Jira nake in ga ko za ka riga ni mutuwa da ita." Liman ya ce in nemi gafarar Allah, sannan in nemi taka, don ta biyun ba a hannunsa take ba. Na so a ce kana wurin. Na kuma gode Allah da ba ka nan, don da ban iya ba.

Shanun sha ɗaya naka ne. Ban ce aro ba, ban ce riƙo ba. Shanun huɗa biyu, da ba su cikin lissafin nan, na ƙannenka ne, su za su zauna. Ja'e ɗan Buba zai koro su ran Lahadi da sassafe ta burtali, ya ce in Allah ya yarda kafin la'asar yana Kusada. Na sa an ɗaure masu ragowar harawar gyaɗa a amalanke, ta ishe su har ciyawarka ta kama. In ta kama, kada ka sake su a kanta da yunwar safe, ka fara ba su busasshe tukuna, kada ciki ya kumbura. Jar nan mai karyayyen ƙaho tana harbi in baƙon hannu ya taɓa hantsarta, ka gaya wa maiɗakinka. Tsohuwar farar kuwa ba ta da sauran haihuwa da yawa, amma ita ke jan garke, inda ta sa kai nan suke bi, kada ka yi saurin rabuwa da ita. In za ka kafa shinge ka tambayi dattawan wurin inda burtali da mashaya suke, ka ja baya ka bar su. Filin da aka samu da toshe hanyar dabbobi ba ya albarka.

Ƙannenka suna tambaya me zan riƙa yi da safe in garke ya zama wayam. Na ce masu wannan ba matsalarsu ba ce.

Saura abu ɗaya. Ina roƙon ka yafe mani, don Allah ba don na cancanta ba. Na san ba za ka iya zuwa gabana ka ce ka yafe ba, yadda ni ma ban iya zuwa gabanka ba. Ba sai ka faɗa ba, ba sai ka rubuto ba. Na gaya wa Ja'e in ya iso ya tsaya a bakin fili ya miƙa maka igiyar farar. In ka karɓa, zai dawo ya faɗa mani, ya ishe ni. In ka ga ba za ka iya ba tukuna, shanun dai naka ne, ya ɗaure su ya taho, ni kuma in ci gaba da jira, ai kai ka daɗe kana yi.

Allah ya yi maka albarka, ya albarkaci zuriyarka da abin kiwonka. Allah ya ba ku damina mai albarka, ya raba ku da gobara da annoba da hannun azzalumai. Allah ya jiƙan mahaifiyarka da baffanka Ɗanjuma da kakanka mai sunanka, ya sa mu cika da imani. Ka gaishe da maiɗakinka, ka shafa mani kan yaran.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Idi, Kafinsoli.